Gidan motsa jiki na mata a Garwa: ya ci kuɗinsa, amma shayin bakin ƙofa ban yarda da shi ba

Matan da ke kawo mini ɗinki sun ishe ni da tambaya tun da suka ji ina zuwa gidan motsa jikin nan na mata zalla da aka buɗe ta wajen filin ƙwallo na Roumdé Adjia. Wata kuɗinsa take son ji, wata so take ta tabbatar namiji ba ya leƙawa, wata kuma kai tsaye za ta ce, "Anti, ana ramewa kuwa?" Ga amsar a wuri ɗaya. Wurin ya ci kuɗinsa. Abin da ke sa ni sabunta biya duk wata shi ne awon da ake yi wa mace da kuma zaman ranar Asabar da ake yi a kan abinci. Injinan da ke ciki ba su taka kara sun karya ba. Akwai kuma wani abu da ake sayarwa a teburin shiga wanda raina bai kwanta da shi ba, zan zo kansa.

Tsohon ɗakin ajiyar kaya ne aka gyara, aka yi masa silin, aka shimfiɗa tabarmin roba. Keken motsa jiki uku, injin tafiya biyu, ƙananan ƙarafan ɗagawa, igiyoyin tsalle, sai dogon madubi a bango ɗaya. Labule mai kauri ne a ƙofa, da wata dattijuwa da muke kira Inna zaune a bakinta. Ita ke karɓar waya ta jefa a kwando, ba ruwanta da ko matar wane ce ke. Da farko wasu sun yi ƙorafi, amma ni a ganina wannan kwandon shi ne ginshiƙin wurin. Mace ba za ta cire hijabi ta yi tsalle da zuciya ɗaya ba matuƙar tana tsoron gobe ta ga kanta a Facebook, kuma maigida ba zai ba da izini ba sai ya san haka. Akwai buta da ɗan lungun salla. Ana buɗewa daga ƙarfe shida zuwa takwas na safe, sai kuma bayan la'asar zuwa gab da magariba. Rajista sefa 2,000, wata sefa 10,000, mai son ta gwada sau ɗaya sefa 1,000.

Ranar farko ba a barin ki ki taɓa komai sai an auna ki. Mai wurin, wadda kowa ke kira Malama, ta ce a CENAJES, cibiyar horon matasa da wasanni ta nan Garwa, ta yi karatun koyar da motsa jiki, kuma aikinta ya nuna. Tana ɗora ki a sikeli, ta auna tsawonki, ta yi lissafi a gabanki: nauyi a kilo, a raba da tsawo sau tsawo a mita. Mace mai tsawon mita 1.60 da nauyin kilo 80, lissafinta ya haura 31. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce daga 25 nauyi ya wuce kima, daga 30 kuwa ƙiba ce da ake lissafa ta a cikin cututtuka. Bayan haka sai ta ɗauko tef ta zagaya cikinki da shi daidai wajen cibiya.

Nan ne hankalina ya tsaya, don tef sana'ata ce. Ina da littattafan awon mata tun na shekarun baya a ƙarƙashin teburin yanka. Yarinyar da na ɗinka wa kayan aure da ƙugu santimita 70, in ta dawo bayan haihuwa uku sai in rubuta 95, wata ma 100 da ɗoriya. Mu a shago murna muke taya ta, mu ce gidan miji ya karɓe ta. Malama ta ce daga santimita 80 mace ta fara lura, in ya wuce 88 haɗarin ciwon sukari da hawan jini ya ƙaru sosai, domin kitsen da ke taruwa a cikin ciki, kewaye da hanta da hanji, ya fi na cinya da ɗuwawu illa. Ranar da na koma shago na buɗe littafin bana na bi shi layi-layi. Matan aure kaɗan ne a ciki ba su haura 88 ba, kuma nawa awon yana cikin masu haurawa.

Tana da na'urar awon jini ta hannu. Duk wadda nata ya kai 14 bisa 9 ko ya wuce, sai ta sa ta zauna ta huta a sake aunawa. In bai sauka ba, ba za ta hau keke ba sai ta je asibiti ta dawo da takardar likita. Na ga yadda wata Hajiya ta yi fushi a kan wannan, ta ce kuɗinta ta biya. Malama ta ƙirga kuɗin ta miƙa mata da hannu biyu, ta ce, "Hajiya, ki yi haƙuri, ke uwa ce a wurina. Ki je a duba ki, wurinki na nan." Bayan 'yan kwanaki Hajiyar ta dawo da maganinta a jaka. Mai neman kuɗi kawai ba za ta yi haka ba, kuma tun ranar na yarda da matar.

Shi motsa jikin kansa ba wani abin mamaki ba ne. A ɗumama jiki, a yi tafiya da sauri a zagaya ɗakin, a yi tsuguno da miƙewa, a ɗaga ƙarfe ko gorar ruwa da aka cika da yashi, a ƙare da miƙa gaɓoɓi. Zaman safe babu kiɗa, da baki Malama ke ƙirgawa, saboda akwai matan da ba sa so. Na yamma ana saka sauti. Masu ciwon gwiwa irina a kan kujera muke yin rabin aikin. Ma'aunin da ta ba mu mai sauƙi ne: in kina iya magana amma numfashi ba zai bar ki ki rera waƙa ba, to kina daidai. Abin da ake nema ga baligi, kamar yadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta faɗa a 2020, shi ne minti 150 zuwa 300 a mako na irin wannan motsi, da aikin ƙarfafa tsoka aƙalla kwana biyu. Kullum tana tuna mana cewa daka, shara, wanki da hannu da tafiya kasuwa a ƙafa duk suna cikin lissafi. Matsalar mu matan gari ita ce injin niƙa ya karɓe daka, babur ya karɓe tafiya, 'yar aiki ta karɓe shara. Ni daga hantsi zuwa la'asar a kan keken ɗinki nake, shi ma na lantarki ne, ko ƙafa ba na motsawa.

Zaman Asabar shi ne zuciyar abin, kuma yana cikin kuɗin wata. Malama ba ta taɓa ce mana mu nemo wani abincin Turawa ba. Faranti take ɗaukowa ta ja masa layi da yatsa: rabi ganye, kashi ɗaya cikin huɗu tuwo, sauran kifi ko wake ko nama. Tuwon dawa da na gero da ba a surfe su sun yi fari tas ba sun fi farar shinkafa da burodi riƙe ciki, kuma ba sa harba sukarin jini da sauri irin nasu. Miyar kuka, yakuwa, tafasa, zogale, kuɓewa, duk namu ne, ga su a kasuwa da araha. Ga kifin Lagdo. Abin da ake so shi ne giram 400 na ganye da 'ya'yan itace a rana, kuma a lokacin mangwaro da gwaba wannan ba wuya ba ne a Garwa. Inda muke ɓata abincinmu, in ji ta, wuri uku ne: mai, sukari da ɗanɗano.

Wata Asabar ta zo da kwalbar lemo ƙarama, mai santilita 33, da kofin gilashi da gwangwanin sukari. Ta ce wa wata amarya ta riƙa zuba sukari da ƙaramin cokali a kofin, mu kuma mu ce ta tsaya in mun ga ya kai abin da ke cikin kwalbar. A cokali na uku wasu suka ce ya isa. Malama ta girgiza kai. Na biyar, na shida, ɗakin ya fara yin tsit. Amaryar ta ɗago kai tana kallonta, hannunta a sama, Malama ta ce ci gaba. Sai a na tara ta ce ta ajiye. Kimanin giram 35 ke nan. Aka bi da kofin hannu-hannu, kowa ta karkata shi ta ga tudun sukarin a gindinsa. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce kada sukarin da ake ƙarawa ya wuce kashi 10 cikin 100 na abin da mutum ke ci a rana, wato wajen cokali 12 ga baligi, in ma an rage zuwa shida ya fi. Mu kuwa babbar kwalba muke ajiye wa baƙo. Ba a ma zo kan shayin safe da madarar gwangwani mai zaƙi ba, da zoɓon da muke ƙullawa a leda, da kunun gyaɗa na buɗa-baki. Wata ta ce to ai zoɓo na gida ne. Malama ta ce ganyen na gida ne, sukarin da kika juye a ciki kuwa ɗaya ne da na kwalba.

A kan mai ta fi daɗewa, don ta san nan ne zuciyarmu take. Miyar da mai bai taso a kanta ba, a wurinmu miyar rowa ce, uwar miji ma sai ta yi magana. Babban cokali ɗaya na mai yana da kalori wajen 120, ko na gyaɗa ne, ko na auduga, ko manja. Giram ɗaya na mai ya ninka giram ɗaya na tuwo fiye da sau biyu wajen ƙarfi. Ba ta ce a daina ba. Cewa ta yi a daina tuttulawa daga bakin galan, a riƙa aunawa da cokali, a rage kaɗan-kaɗan yadda mutanen gida ba za su farga ba. Na gwada a gidana, maigida bai ce uffan ba, kuma litar mai ta ƙara daɗewa. Gishiri kuma bai kamata ya kai giram 5 a rana ba, ƙasa da ƙaramin cokali ɗaya, alhali dunƙulen magi kusan rabinsa gishiri ne, mu kuma mu jefa huɗu a tukunya mu ƙara gishiri a kai. Ta ce a koma wa daddawa, citta, tafarnuwa da busasshen kifi, ko da yake ta ja kunne cewa kifin da aka busar da gishiri shi ma a jiƙa shi tukuna.

Akwai maganar da ba a cika yi a fili ba, a wannan ɗakin aka yi ta. Yarinya in an sa ranar aurenta sai a fara ɗura mata abinci, wasu har da ƙwayoyin nan da ake kira sha-ka-fashe. A cikinsu akwai dexamethasone, maganin asibiti ne mai ƙarfi da likita ke bayarwa don wasu cututtuka. Wadda ta sha shi don ƙiba, fuska ce za ta kumbura, ciki ya fito, sukari da jini su hau, ƙashi ya yi rauni, kuma wadda ta daɗe tana sha ba a so ta yanke shi rana ɗaya ba tare da likita ba. Na sha ɗinka wa irin waɗannan amaren, in auna su yau, kafin biki in sake buɗe rigar. Iyayen da ke yin haka ƙauna ce ta sa su, suna gudun a ce 'yarsu ba ta ƙoshi a gidan ubanta ba. Shi ya sa nake ganin gwaggonni da kakanni ne suka fi buƙatar zaman Asabar ɗin nan fiye da 'yan mata.

To, sai shayin. A teburin Inna akwai kwalaye masu hoton mace siririya, sefa 5,000 ɗaya, wai shayin rage tumbi. Na juya kwalin na karanta, cikin kayan haɗinsa akwai filasko. Duk 'yar Hausa ta san aikin filasko: gudawa yake sawa. Ruwan jiki ne ke fita, sikeli ya nuna kin ragu, kitsen na nan daram. Ga mai shan maganin hawan jini, musamman irin mai sa fitsari, a garin da zafi ke haura digiri 40 a watan Maris da Afrilu, wannan wasa da rai ne. Ƙanwata ta saya ba tare da ta faɗa mini ba, ta kwana tana zarya bayan gida, washegari jiri ya hana ta tashi. Na tari Malama da maganar bayan kowa ya watse. Ta sunkuyar da kai, ta ce wata 'yar uwarta ce ke kawowa, kuma ribar na taimaka mata da kuɗin haya. Na fahimci halin da take ciki, haya da kuɗin wuta ba wasa ba ne. Amma bakin da ya ce mana a rage nauyi sannu a hankali, cewa ko kashi 5 zuwa 10 cikin 100 na nauyin jiki mutum ya sauke jininsa da sukarinsa za su gyaru, bai kamata a same shi da wannan kwali a ƙofarsa ba. Har yanzu kwalayen na nan, sai dai an mayar da su ƙarƙashin tebur.

Sauran aibobin ƙanana ne. Injin tafiya ɗaya ya daɗe a lalace. In aka ɗauke wuta da yamma fanka ta tsaya, ɗakin ba ya zaunuwa, don haka mai iko ta zaɓi safe. Babu inda mai goyo za ta ajiye yaro. Babu kuma awon sukari, sai dai ta ce ki je ki yi da safe kafin ki karya, in ya kai giram 1.26 a lita a maimaita a ga likita.

Babban abin da ke damuna shi ne kuɗin, kuma wannan ba laifin Malama ba ne. A 2023 aka ƙayyade mafi ƙarancin albashi na masu aiki a kamfanoni, ban da na gona, a kan sefa 60,000. Dubu goma a wata kashi ɗaya cikin shida ke nan, ba a sa kuɗin babur zuwa da dawowa ba. Mai tuyar ƙosai da ke wuni a zaune gaban kasko, ƙafafunta a kumbure, ba za ta taɓa taka wannan ƙofa ba, alhali ta fi matan manya da ke cika wurin buƙata. A nan ne nake ganin hannun gwamnati bai kai ba.

Ba cewa nake ba a yi komai ba. Tun 2011 doka ta tilasta a ƙara sinadarin bitamin A a man girki na masana'anta, a kuma ƙara sinadarin ƙarfe da wasu a garin fulawa. Kamaru ta shiga yunƙurin duniya na inganta abinci mai gina jiki, wanda ake kira SUN, a 2013. Duk mun san ma'aikatan lafiya da ke bi gida-gida suna ɗiga wa yara bitamin A suna ba su maganin tsutsar ciki. Hankalin hukuma ya fi karkata ga tamowa, kuma da dalili: binciken lafiyar al'umma na 2018 ya nuna kashi 29 cikin 100 na yara 'yan ƙasa da shekara biyar a Kamaru sun tsumbure, a yankinmu na Arewa kuwa wajen kashi 41. Amma wannan binciken dai ya nuna kashi 37 cikin 100 na mata 'yan shekara 15 zuwa 49 nauyinsu ya wuce kima ko suna da ƙiba, daga kashi 32 a 2011. Abin ya fi yawa a Duwala da Yawunde, amma yana hawowa garuruwanmu. A unguwa ɗaya, wani lokaci a gida ɗaya, za ki ga uwa mai ƙiba da yaro tsumburarre, domin burodi da shayi da taliya mai mai suna cika ciki ba tare da sun gina jiki ba.

Da aka ƙaddamar da shirin kiwon lafiya na bai-ɗaya a watan Afrilun 2023, ƙarƙashin ministan lafiya Manaouda Malachie, wankin ƙoda ya sauko zuwa sefa 15,000 a shekara. Alheri ne babba, na san gidan da ya ceta. Sai dai ciwon sukari da hawan jini su ne kan gaba wajen kashe ƙoda, kuma abin da Malama ke yi da tef da faranti da cokali shi ne tare mutum tun bai kai ga injin wankin ƙodar ba. Me zai hana kowace ƙaramar asibitin unguwa ta riƙa yin irin zaman Asabar ɗin nan kyauta, a ranar awon ciki ko ranar allurar yara, tunda matan na taruwa? Yawunde, Duwala da Bamenda suna da filin motsa jiki na jama'a da ake kira Parcours Vita. Mu an gyara mana filin Roumdé Adjia da filayen atisaye don gasar cin kofin Afirka da aka buga a farkon 2022, lokacin da Najeriya da Masar suka zo nan. Da za a ware wa mata awa biyu bayan asuba a ɗaya daga cikinsu, da mace a bakin ƙofa irin Inna, da an ga taron da ba a zata ba.

Wadda ke da halin biya, ina ba ta shawara ta je, musamman mai sana'ar zama da wadda ake da ciwon sukari a danginta. Ni gwiwata ta yi sauƙi, ina sujada ba tare da na dafa bango wajen tashi ba, kuma na rage wa riguna na faɗi da hannuna. Wadda ba ta da dubu goma, ta biya dubu ɗaya ta je ranar Asabar, a auna ta, ta ji bayanin abinci, sauran ta yi da tafiya a unguwa bayan asuba ita da maƙwabciya. Na roƙi Malama ta fito da tikitin Asabar kaɗai mai rahusa, ta ce za ta duba bayan azumi. Mai zuwa ta taho da ruwanta, da tawul, da takalmi mai laushi, da katin asibiti in tana shan wani magani. Kada ta sayi shayin. Juma'a da Lahadi wurin a rufe yake.